Maki Ɗaya a Cooperstown

Ranar da Yaya ya ce in shirya da asuba za mu kai maƙwabcinsa wani ƙauye mai suna Cooperstown mai nisan awa huɗu don ya shiga gasar kacici-kacici a kan katin hoton 'yan wasan besbol, na ɗauka zolaya ce. Kwanana tara ke nan da sauka New York, ban gama ganin garin ba, sai a ce in bi tsoho daji saboda kwali?

"Kai dai taso," in ji Yaya. "Ba a karɓar teburi sai da mutum uku. Abokin zamansa ya rasu bara. Ni direba, kai cikon benci."

Yaya ya shekara goma sha tara yana tuƙa tasi a unguwar Bronx, gidansa kuma ba nisa da filin wasan Yankees, amma har yau in ka tambaye shi dokokin besbol sai ya ce ai kulki ne da ƙwallo da gudu. Maƙwabcin nasa Bature ne, tsohon ma'aikacin gidan waya, ya haura saba'in, ido ya yi rauni ba ya tuƙin nesa. Baba muke ce masa, ya kuma saba da sunan har yana amsawa. Ya fito da hular sanyi da kwalin takalmi rungume a ƙirji kamar mai ɗauke da jinjiri. Da Yaya ya miƙa hannu zai sa kwalin a but, sai ya girgiza kai. A cinyarsa kwalin ya yi tafiyar nan, zuwa da dawowa.

Mun bi babbar hanyar da ta miƙe arewa ta kwarin kogin Hudson zuwa Albany, daga nan muka karkata yamma. Watan Oktoba ne, ganyen itatuwa ya rine, wani ja, wani ruwan goro, wani kamar an barbaɗa masa kurkum. Ni da na shekara ashirin ina sana'ar hoto a Kano, tun zamanin da ake wanke fim a ɗaki mai duhu, hannuna sai ƙaiƙayi yake. Baba ko ɗaga kai bai yi ba. Bita yake, leɓɓansa na motsi kamar almajiri daren sauka.

A wani gidan mai da muka tsaya shan shayi ne ya buɗe kwalin. Ya zaro wani ɗan kati da bai wuce kwalin ashana ba, ya ɗora mini a tafin hannu. Kusurwoyinsa sun cinye, tsakiyarsa da layin karaya. A gaba hoton wani ƙosasshen saurayi ne an rina kumatunsa ja, bayansa sararin sama mai launin lemo, gefe da farin layi. A baya tallan taba sigari ne da shuɗin tawada, an rubuta Piedmont.

"Wannan ya girmi mahaifina," in ji Baba.

Daga 1909 zuwa 1911 kamfanin American Tobacco ya riƙa cusa irin waɗannan katuna cikin kwalin taba. Guda 524 ne a jerin, masu tarawa na kiransu T206. Hoton gaba na iya zama iri ɗaya, amma baya ya bambanta da irin tabar da aka saya: Piedmont, Sweet Caporal, Old Mill, Polar Bear da sauransu. Ya nuna mini wani na Polar Bear mai dabbare-dabbaren ƙasa-ƙasa, ya ce wannan ba datti ba ne, shaida ce, domin ita tabar a warwatse take cikin jaka, kati na kwance a cikinta kai tsaye. Na kai hanci na shinshina. Ƙamshin tsohon littafi kawai na ji, amma ban faɗa masa ba.

Sai na yi tambayar da kowane baƙo ke yi: nawa ne?

Ya ce nasa ba su taka kara sun karya ba. Amma a cikin jerin akwai na wani ɗan wasan Pittsburgh, Honus Wagner, wanda aka dakatar da buga shi tun da wuri, waɗanda suka rage a duniya 'yan gomomi ne. A watan Agustan 2022 an sayar da guda ɗaya dala miliyan 7 da dubu 250. Yaya ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Innalillahi." Ni ban ma yi gigin juya kuɗin zuwa naira ba, kada kaina ya yi ciwo. Na dai mayar wa Baba katinsa da hannu biyu.

Cooperstown ƙauye ne na gaske, mutanensa ba su kai dubu biyu ba, yana bakin tafkin Otsego. Babban titinsa guda ne, kuma kusan kowane shago kulki da hula da kati yake sayarwa. Abin da ya kawo masa suna kuwa tatsuniya ce. A farkon ƙarnin da ya wuce wani kwamiti ya yanke cewa a nan wani soja, Abner Doubleday, ya ƙirƙiri wasan a 1839. Masana tarihi sun daɗe da watsi da zancen, domin a shekarar mutumin yana makarantar soja ta West Point. Amma kafin gaskiya ta ɗaura takalmi an riga an gina gidan tarihin wasan a garin, aka buɗe shi a 1939, kuma ba mai niyyar ɗauke shi. Har filin wasan garin sunan Doubleday yake amsawa.

Mun yi azahar da la'asar a haɗe a kan ciyawar bakin tafki, Baba na zaune a benci yana gadin takalmanmu da kwalinsa, sannan muka shiga gidan tarihin. Akwai wani dogon zaure da aka jera allunan tagulla a bango, kowanne da fuskar gwarzo da taƙaitaccen tarihinsa. Biyar na farko an zaɓe su a 1936: Ty Cobb, Babe Ruth, Honus Wagner, Christy Mathewson da Walter Johnson. Mutane na tafiya a hankali suna magana ƙasa-ƙasa kamar masu ziyarar maƙabarta. A sama kuma akwai sashen katuna zalla, wanda aka buɗe a 2019. A can na ga Wagner ɗin da idona, cikin gilashi. Mutum ne mai faɗin fuska da tsagar gashi a tsakiya, rigarsa toka-toka, bayansa ruwan lemo. Gani ya kori ji, amma gaskiya ganin bai ƙara mini komai ba. Ɗan kwali ne, ƙanin wanda na riƙe a gidan mai.

Abin da ya tsaya mini shi ne wani abu dabam. Na bi fuskokin tsofaffin katunan nan ɗaya bayan ɗaya, ban ga baƙar fata ko guda ba. Na tambayi Baba. Ya ɗan yi shiru, ya ce a wancan zamani an hana baƙaƙe shiga manyan ƙungiyoyi, sai suka kafa nasu gasar. Sai a ranar 15 ga Afrilu 1947 Jackie Robinson ya shiga fili da rigar Brooklyn Dodgers mai lamba 42. Ya ce akwai gwanayen da suka yi zamani suka shuɗe ba a taɓa cusa hotonsu a kwalin taba ko na cingam a Amurka ba, don haka duk wanda ya koyi tarihin wasan daga kati kaɗai, rabi ya koya. Daga nan na fara ganin tsohon da daraja. Mai son abu da ya san aibin abin da yake so, ba kullum ake samunsa ba.

Gasar ba ta gidan tarihin ba ce. Tsofaffin abokai ne da suka saba haɗuwa duk shekara, suka kama ɗakin baya na wani gidan abinci. Teburi bakwai, yawanci maza masu furfura da gilashin ƙara girma rataye a wuya. Mai tambaya wata dattijuwa ce, tsohuwar malamar makaranta, da 'yar ƙararrawar tagulla a gabanta, kuma daga yadda take kallon mutane ta saman tabarau ka san ta sha ladabtar da yara. Abu na farko da ta yi shi ne zagayawa da kwalin takalmi, kowa ya jefa wayarsa ciki. Wani mai ƙaton agogo, wanda Baba ya raɗa mini cewa katunansa sun fi gidan da muke ciki tsada, ya so ya yi gardama. Ta tsaya a kansa ba ta ce uffan ba har ya jefa. Mu muka nemi kifi da dankali da shayi, su suka yi ta kansu da abin shansu.

Tambayar farko: wa ya raɗa wa jerin nan suna T206? Duk teburan suka duƙa rubutu lokaci guda. Jefferson Burdick ne, wani ma'aikacin masana'anta daga Syracuse, wanda ya zauna ya rarraba katunan Amurka gida-gida, ya ba kowane jeri harafi da lamba. Harafin T na katunan taba ne na ƙarni na ashirin. Baba ya ƙarasa mini labarin a kunne, kuma ya fi amsar daɗi. Mutumin ya ba gidan tarihin Metropolitan na New York duk abin da ya tara, wajen guda dubu ɗari uku, sannan ya koma can da kansa yana manna su a kundi ɗaya bayan ɗaya, alhali ciwon gaɓoɓi ya nakasa masa yatsu. Ya gama a farkon 1963, bai yi wata uku ba ya rasu.

Daga nan aka shiga ruwa. Wane ɗan wasa aka yi kuskuren sunansa aka rubuta Magie? Sherry Magee. Katin Babe Ruth nawa ne a jerin kamfanin cingam na Goudey na 1933? Huɗu. Wace lamba ce babu a jerin? A nan ɗakin ya ɗauki dariya tun kafin a amsa, domin kowa ya san ta: 106. Yara sun yi ta sayen cingam suna neman katin da ba a buga ba. Sai a 1934 kamfanin ya buga shi da hoton Nap Lajoie, wanda ya daɗe da barin wasa, ya aika wa waɗanda suka rubuto wasiƙar ƙorafi kaɗai. Yaya ya ce ashe wayon 'yan kasuwa ba a Kantin Kwari aka fara shi ba.

Ina zaune ina kallonsu sai na tuna tsofaffin 'yan kallon dambe na garinmu, waɗanda za su gaya maka wa ya kashe wa, a wane fage, da wane hannu, shekara arba'in baya, su yi ta musu har a kira magariba. Irin zuman ce. Kuma na lura da abu guda: kusan duk tambayar da ta motsa ɗakin, a kan kuskure take, ko ɓarna, ko asara. Ba wanda ya damu da katin da aka buga daidai aka ajiye lafiya.

Ga misali. Malama ta tambaya me ya sa kati mai lamba 1 na kamfanin Topps na 1952 yake wuyar samu da kyansa, alhali mai hoton, Andy Pafko, ba ya cikin manyan gwanaye. Baba ya rubuta amsa yana murmushi, sannan ya zaro nasa daga kwali ya tura mini ta ƙarƙashin teburi. Gefe da gefe an ci shi, kamar ƙugun da aka ɗaure da igiya. Yara kan jera katunansu bi da lamba su ɗaure da roba, na sama shi ke shan wuya. Ya ce robarsa ce ta yi wannan, da hannunsa, yana ɗan firamare. Wasu ma, in ji shi, da maƙalin shanya suke maƙala kati a ƙafar keke don wayoyin su riƙa kaɗa shi yana ƙara kamar babur. Sauran kuma iyaye mata suka share suka zuba a bola ranar da yaro ya tafi soja ko kwaleji. Da kowace uwa ta adana, da yau ba mai ba da ko sisi.

Haka labarin Mickey Mantle, mai lamba 311 a wannan jeri mai kati 407. Kashin ƙarshe na jerin ya fito a makare, kakar wasa ta ƙare, yara sun koma wani abin, kaya suka yi kwantai a sito. Sy Berger, wanda ya tsara katunan, ya sha ba da labarin cewa daga baya ya loda ragowar a jirgin ruwa aka juye su a teku. A 2022 guda ɗaya da ya tsira da kyansa ya tashi dala miliyan 12 da dubu 600 a gwanjo.

Rigima sau ɗaya ta tashi, a kan Wagner. Tambayar ita ce nawa wasu mata 'yan zuhudu na cocin Katolika a Baltimore suka samu a 2010 da suka sayar da wanda aka bar musu gado, kuma amsar dala 220,000 ce. Amma wani ya jefa maganar dalilin da ya sa aka janye katin tun asali, sai ɗaki ya rabu biyu. Wasu suka ce mutumin ƙin yarda ya yi yara su sayi taba don hotonsa. Wasu suka ce kuɗi ya nema ba a biya ba, ai shi kansa mai taunar taba ne, har akwai katinsa na 1948 da ke nuna shi yana kai ta baki. Mai ƙaton agogo ya miƙe tsaye yana nuni da cokali. Malama ta bari suka yi minti biyu cur, sannan ta kaɗa ƙararrawa, kowa ya zauna kamar an yi ruwa an ɗauke.

Da aka tafi hutun rabin lokaci Baba ya amayar da abin da ke cikinsa. Yanzu, in ji shi, ana aika kati wa kamfani ya duba ya ba shi maki daga 1 zuwa 10, ya rufe shi cikin gidan roba da ba ya buɗuwa. Maki ɗaya na iya ninka farashi. Shi kabari yake kiran gidan robar. Ya ce katin farko da kamfanin PSA ya ba maki, Wagner ɗin da ɗan wasan ƙanƙara Wayne Gretzky da abokinsa suka saya dala 451,000 a 1991, an ba shi 8, daga baya wani dillali ya amsa a gaban kotu a 2013 cewa ya datse gefensa don ya yi kyan gani. A nan na goyi bayan Baba ɗari bisa ɗari, ko da yake na lura shi ma yana da guda uku a cikin kabarin, a can ƙasan kwali.

Zagaye na ƙarshe na hotuna ne, ana haska su a bango. An nuna katin Aurelio Rodriguez na 1969, wanda hoton da ke kai ba nasa ba ne, na yaron da ke ɗaukar wa ƙungiyar kulake ne. Kowa ya ci wannan. Sai aka haska biyu gefe da gefe, dukansu 'yan Milwaukee Braves. Malama ta ce duka biyun da dama suke wasa, duka biyun kati ya nuna su bahagwai. Ɗaya kuskuren maɗaba'a ne, ɗaya kuma shi ya yaudari mai hoto da gangan. Wanne ne wanne, kuma mece ce hujja a jikin hoton? Ba hujja, ba maki.

Baba ya san amsar farko tun yana barci: Hank Aaron na 1957 kuskure ne, Lew Burdette na 1959 tsokana ce, ya sauya hannun safarsa ya tsaya kamar bahago. Hujjar ce ta gagara, domin daga inda muke idonsa ba ya ganin komai sai inuwa. Ya ce a rubuta hula. Na ce a'a, Baba, dakata. Harafin da ke hular M ne, ko ka juya shi ta madubi M zai ba ka. Na miƙe na matsa kusa da bangon, abin da ban san ko an yarda ba. Baƙin saurayi ne siriri, ya ɗaga kulki a kafaɗa. Na sauke ido ƙirjinsa, sai ga lambar rigarsa ta ba da baya, huɗun na kallon inda bai kamata ba. Gabana ya faɗi don daɗi. Wannan kuskuren na san shi kamar yunwar cikina. Ina yaron shago na taɓa kifa fim a injin, na wanke hoton wani ango da aljihun rigarsa a dama da agogo a hannun da ba ya ɗaurawa, maigidana ya sa na biya takardar daga kuɗin abincina.

Na dawo na ce, "Baba, rubuta lamba. Fim aka kifa."

Teburi uku kaɗai suka kawo hujjar, har da namu. Malama ta dube ni ta saman tabarau ta tambayi Baba daga ina ya samo wannan. Ya ce daga Najeriya, kuma jiya-jiya bai san Hank Aaron ba. Aka yi tafi. Wani dattijo baƙar fata daga teburin kusa ya jawo kujera ya ce tunda na gano rigar, sai in san mai rigar. Aaron ya fara ne a gasar baƙaƙe, da ƙungiyar Indianapolis Clowns. A ranar 8 ga Afrilu 1974 ya wuce tarihin Babe Ruth na bugu 714 da ƙwallo ke tsallake katangar fili, yana yi ana aiko masa wasiƙun barazanar kisa, ya kuma ajiye kulki da 755. Dattijon ya ce a rediyo ya ji na 715 ɗin, a tsaye, a kicin ɗin mahaifiyarsa.

Da makin nan muka zo na uku, muka tsere wa teburin mai ƙaton agogo da ɗaya tak. Baba bai ce komai ba, amma sau biyu na ga ya waiwaya yana duban inda suke.

Kyautar na uku ƙunshin katuna ce ta 1988 da ba a taɓa buɗewa ba. Na fara lissafin miliyoyi, sai Baba ya ce in kwantar da hankalina, a waɗancan shekarun an buga su kamar ƙasa, kowa kuma ya adana nasa, don haka ko kuɗin shayinmu ba za su biya ba. Ya ce in riƙe. A mota na ɓare takardar, sai ga ɗan falen cingam ruwan hoda a manne da katin ƙarshe, ya bar masa tabo. Baba ya ce al'ada ce wanda ya ci ya tauna. Na ce ni cikon benci ne. Yaya, da ba a taɓa ƙure shi ya ja da baya ba, ya karɓa ya jefa baki. Sai ji muka yi ƙaras, kamar an taka kwalba. Ya sauke gilashi yana tofarwa yana cewa wannan ai alli ne, Baba na dariya har da tari. Kafin mu kai Albany tsohon ya yi barci, hannayensa biyu a kan kwali.

Katunan suna nan Kano cikin durowar gefen gado. Makon jiya uwargida na shara ta ɗago su ta ce, "Malam, waɗannan kwalayen na zubarwa ne?" Na karɓa na ƙirga, na ga babu biyu. Ban kai ga tambaya ba sai na jiyo wata ƙara daga lungu, farrr, tana tahowa tana wucewa. Autana ne a kan kekensa. Ni na ba shi labarin maƙalin shanya.